Kwana Shida na Baba Ila

Bara, ranar sunan ɗan ƴata Hadiza a nan Madawa, ina zaune a zaure na ji ɗaya daga cikinku, ku yaran gidan nan, ba zan faɗi sunansa ba don ya san kansa, yana nuna wa abokinsa ƴaƴan Rabi da suka zo daga Bangi yana cewa waɗancan jikokin mai sanda ne. Aka yi dariya. Ni kuma na yi abin da na fi ƙwarewa a kai tun ina saurayi, wato na yi shiru. Shi ya sa a wannan tarihi da nake bar muku na tsallake zancen makarantun da na yi da garuruwan da na koyar da lissafi kafin in aje alli, takardunsu suna cikin akwati ga mai so, na zo kan shekara guda. Mai sandan nan Baba Ila ne, ƙanin mahaifina, mahaifin Rabi. Abin da aka faɗa muku a kansa rabi ne. Sauran rabin yana wurina shekara arba'in da wani abu.

A Tama aka haife ni, kuma har gobe ina cewa wanda bai ga fadamar Tama bayan kaka ba bai san kore ba. A kan tudu jajayen duwatsu ne da busasshen karan gero, amma da ka fara gangarowa ƙamshin albasa da jiƙaƙƙiyar ƙasa zai tare ka tun ba ka hango garka ba. Muna da rijiya ɗaya da kakanmu ya haƙa, ba mai zurfi ba, irin wadda ake kwashewa da rana ta kwana tana tarawa. Babu injin ban-ruwa a lokacin, guga ce da igiya da ƙarfin kafaɗa. In an bi ta a hankali tana shayar da garka biyu a yini, ta uku sai dai laka. Garka huɗu ke sha daga gare ta, kuma kowace da irin ƙishirwarta. Tamu tana sama, ƙasarta yashi ce, duk kwana biyu take son ruwa. Ta Agali, maƙwabcinmu wanda kakansa ya gangaro daga arewa ya zauna tare da kakanmu, duk kwana uku. Ta Liman Sani, mai tumatir da barkono, duk kwana huɗu. Ta Baba Ila tana can ƙasa inda baƙar laka take riƙe damshi, ita sai kwana shida, amma in ranar ta zo sai an cika mata kowane fangali har baki, in ba haka ba ƙasar ta tsage ta shaƙe albasa.

Mahaifina ne ke raba ruwan, kuma bai taɓa riƙe alƙalami ba. Da an sallame asuba zai tsaya bakin masallaci yana neman takalmansa da ƙafa, ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba:

"Agali, yau ni da kai. Liman, gobe. Ila, ka ƙara kwana, laka taka ba ta ji komi ba tukuna."

Shi ke nan. Ba wanda ke tambayar dalili. Wani lokaci ya jawo wani gaba da kwana ɗaya, wani lokaci ya tura wani baya, kuma ban taɓa ganin garka uku sun haɗu a bakin rijiyar ba. Ni a lokacin cewa nake tsoho yana cinka ne kawai, sa'a tana bin sa.

Gidanmu gidan surutu ne. Inna, mahaifiyata, ba ta iya miƙa maka ludayi ba tare da ta haɗa da magana ba. Tun ina firamare ta sa mini suna Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal, wato makarantar boko, saboda wai ko ƙosai ta ba mu sai na jera su layi-layi na ga ko za su rabu daidai tsakaninmu.

"Mushe, ci abinka," in ji ta, "ƙosai bakwai ba su rabuwa ukku ko ka kwana kana kallonsu."

Baba Ila kuwa shi ne dariyar gidan. Dogo ne, mai saurin fushi da saurin hucewa, yana waƙa in yana jan guga, waƙar ba daɗi amma ba ya fasawa. Shi ya koya mini yadda ake murɗe ganyen albasa a gane ta ƙosa, shi ya fara ɗora ni a jaki, shi kuma ya tsaya mini lokacin da na gama lise, wato babbar sakandare. Idanun mahaifina sun fara yin yana a lokacin, ni ne babban namiji, kuma ya riga ya yanke cewa karatu ya isa haka. Ina bayan danga ina jin su.

"Yaya, bar yaron ga shi tahi Yamai. Abin da zai yi ma a garka, ni in yi."

"Kai da ba ka iya tashi sai rana ta taka ka?"

"In tashi. Kan yaron ga ba na guga ba na, kai ma ka sani."

Mahaifina ya juyo wajen danga. Sannan ya ce, da ƙarfi don ya san ina ji:

"Shi tahi. Amma ran da bokon nan yaɓ ɓata mani wani abu a gidanga, ran nan ya ƙare. Ka ji ni, Shu'aibu?"

Na ji shi. Mahaifina ba ya maimaita magana, kuma ba ya janye ta.

A jami'a na faɗa son lambobi yadda wasu ke faɗawa son ƴan mata. Ba lissafin gini ko na injuna ba, a'a, lambobi tsirara, da tambayar da Inna ta riga ta amsa a kan ƙosai: me ke raba me ba tare da rara ba. Ku ɗauki goma sha biyu. Ɗaya na raba ta, biyu, uku, huɗu, shida, da ita kanta, masu rabo shida ke nan. Maƙwabtanta na dama da hagu, sha ɗaya da sha uku, kowace biyu kacal gare ta, ɗaya da kanta. In ka bi lambobi ɗaya bayan ɗaya kana ƙirga masu raba su, abin tsalle yake yi kamar ɗan akuya, ba ka san inda zai dira ba. Ɗari takwas da talatin da tara tana da biyu, ta gaba da ita, ɗari takwas da arba'in, tana da talatin da biyu. Sai wata rana wani malaminmu, ɗan siriri mai tari, ya ce mu daina bin su ɗaya-ɗaya, mu tambayi matsakaici, abin da ɗalibai ke kira mwayen. Kuma ya nuna mana dabara: maimakon ka tambayi kowace lamba su wa ke raba ta, ka tambayi biyu lambobi nawa take rabawa, rabinsu, ka tambayi uku, sulusinsu, huɗu, rubu'insu, ka tara. Nan take haukan ya lafa. Daga ɗaya zuwa ɗari, matsakaicin bai kai biyar ba. Zuwa dubu, bakwai da ɗan kai. Yana hawa a natse kamar tsoho a kan tudu, har kana iya faɗin inda zai kai tun bai je ba. Ranar na fito aji ban san na bar takalmina ɗaya a ƙarƙashin tebur ba sai da ƙasa ta ƙona ni. Ban taɓa jin daɗi irin wannan ba. Na ɗauka an ba ni mabuɗin duniya. Shekarata ashirin da uku.

A shekara ta uku aka rufe jami'a saboda yajin ɗalibai, abin da ba baƙo ba ne a wancan zamani, na dawo Tama an gama dashen albasa. Na iske ana shirin kai mahaifina birnin Tawa a yi masa aikin ido, Inna za ta bi shi, za su zauna wurin dangi har ya warke. Ya bar rijiya a hannun Baba Ila. Kwana uku da tafiyarsu Baba Ila ya same ni a gindin mangwaro yana sosa ƙeya.

"Mushe, kaina ya ɗau zahi. Jiya na ce ma Liman yau, na manta na ce ma Agali yau, ga taku garka ita ma tana kuka. Ban san yadda Yaya ka riƙe abin ga ba. Ka rubuta muna shi a takarda, kowa shi san ranatai."

Kamar an ce da kare ga ƙashi. Na yage takarda daga kaye, littafin rubutuna, na zana layi goma sha biyu, domin na ga bayan kwana goma sha biyu komai zai koma farko. Na sa kowa ya fara ƙirga daga rana ɗaya, don ya yi kyau a ido. Tamu ta sha a duk ranar da biyu ke rabawa, Agali a duk wadda uku ke rabawa, Liman huɗu, Baba Ila shida. Sannan na yi dabarar malamina: mu sau shida, Agali sau huɗu, Liman sau uku, Baba Ila sau biyu, jimla shayarwa goma sha biyar a kwana goma sha biyu. Rijiya kuwa tana iya ashirin da huɗu. A matsakaici ko garka ɗaya da rabi ba ta kai ba a yini. Har na ji tausayin mahaifina da ya shekara talatin yana takura wa kansa a kan ruwan da ya yi yawa. Kuma na ga kwana huɗu da ba kowa a cikinsu, na ɗaya, na biyar, na bakwai da na sha ɗaya, waɗanda biyu da uku ba sa rabawa. Rijiya zaune a banza.

A nan ne na yi karambanin da ya fi na farko. Akwai wani Bafillace, Buba, da ke sauka kusa da mu da shanunsa duk rani. Al'adar wurinmu ce makiyayi ya kwana da dabbobinsa a gonarka ta tudu su zuba maka taki, kai kuma ka ba shi ruwa. Gonar geronmu ta gaji, tana son taki. Na ce a ba Buba kwanakin nan huɗu.

"Yaya bai taɓa barin shanu su sha nan ba in an yi dashe," in ji Baba Ila.

"Baba bai da lissahi a hannu. Duba nan. Ko an ba Buba, akwai saura."

Ya karɓi takardar ya juya ta sama da ƙasa, shi da ba ya karatun boko, ya miƙo mini.

"Kai ka sani, Mushe. Don wanga munka aike ka."

Aka je gaban maigari, aka karanta takarda, Agali da Liman da Buba suka amince, aka yi fatiha. Baba Ila ya ce a gaban kowa ba wanda zai taɓa guga a ranar da ba tasa ba, har shi. Na koma gida ina tafiya kamar wanda ya ci kokawa.

Kwanakin farko sun yi daɗi, har Liman yana sa mini albarka. A rana ta biyar shanun Buba suka sha, kuma shanu ba albasa ba ne, sai da suka kai rijiyar ƙasa. Ba ta gama tarawa ba gari ya waye, rana ta shida. Shida kuwa biyu na raba ta, uku na raba ta. Ga garkarmu, ga ta Agali, ga ta Baba Ila, uku a rana guda, a kan rijiyar da ta kwana da yunwa. Baba Ila shi ne mai riƙon amana, ba zai fara da kansa ba. Ya shayar da ta yayansa da hannunsa, ya bar Agali ya ja, da ya zo kan tasa guga ta fito da laka. Washegari ta bakwai ce, ta Buba. Da yamma Baba Ila ya zo wurina, ƙafafunsa baƙi har gwiwa.

"Shu'aibu, takardar ga ta hana ni ruwa."

Ina tuna amsar da na ba shi kalma da kalma, domin ta fi shekara arba'in tana cina.

"Baba Ila, rana guda ba ta nuna komi. A mwayen ruwa ya ishi kowa. Ka yi haƙuri, abin zai daidaita da kainai."

Ya dube ni, ya ce to. Bayan kwana biyu rediyo ta ce an buɗe jami'a, na ɗauki jakata. Shi ya raka ni har inda ake shiga mota zuwa Buza, ya sa mini ƙullin yawo, busasshiyar albasa, a jaka, ya ce in riƙa sa wa a miya kar in manta gida. Ban tsaya na ga rana ta goma sha biyu ba, wadda biyu da uku da huɗu da shida duk suke rabawa, ita ma da shanu a gabanta da shanu a bayanta.

Sauran labarin a bakin mutane na ji shi. Sau uku ranarsa tana zuwa yana samun laka. Zafi ya shigo, rijiya ta ƙara ja baya, ƙasar garkarsa ta tsattsage daidai lokacin da albasa ke yin kai. A zagaye na biyu, ranar da Agali ne kaɗai ke da ruwa, Baba Ila ya ɗauki gugarsa ya je. Agali, wanda shi ma tasa ta fara laushi, ya riƙe igiya ya ce takarda ba ta ce haka ba, kuma wa ya rantse gaban maigari? Magana ta yi magana. Baba Ila ya ɗauki sandar da yake kora jaki da ita ya sauke wa Agali a hannu, ƙashi ya karye. Mutanen da magabatansu suka ci tuwo a akushi ɗaya.

Wani direba ya kawo mini saƙo Yamai cewa mahaifina ya dawo kuma yana nemana. Na iso bayan la'asar na iske zaure cike. Mahaifina yana zaune da baƙin tabarau da aka ba shi a asibiti, Agali a gefe da hannu ɗaure da karare, Liman, maigari, da Baba Ila a bakin ƙofa, ya rame. Takardata tana kan tabarma, an danne ta da dutse. Mahaifina bai amsa gaisuwata da kyau ba.

"Rubutun wa na wanga?"

"Nawa na, Baba."

"Kai ka shirya shi? Kai ka ce a ba shanu ruwana?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Amma maganarsa ta bayan danga ta faɗo mini, na ga ajin nan, na ga malamina mai tari, na ga kaina da guga har tsufa. Kafin in haɗiye yawu Baba Ila ya yi magana daga bakin ƙofa.

"Ni na, Yaya. Ni nac ce mashi rubuta kaza, rubuta kaza. Yaro hannu kawai ya ba da. Taki nika so ma gonata, shi ya sa nij jawo Buba."

Ko taki ɗaya ba a zuba a gonarsa ba, a tamu aka zuba. Mahaifina ya juyo da baƙin tabaran nan wajena.

"Hakanan na, Shu'aibu?"

Na sunkuyar da kai na dubi tabarma. Ban ce e ba, kuma shekaru da yawa na yi ta lallashin kaina da cewa ai ban ce e ba. Amma kowa a zauren ya san abin da shirun yaro gaban mahaifinsa ke nufi. Mahaifina ya ce wanda ya ci amanar rijiya don taki, ya kuma ɗaga sanda a kan maƙwabci, ba zai sake jan ruwa a rijiyar ubansu ba muddin shi mahaifina yana da rai. Baba Ila bai roƙa ba. Kafin damina ya kwashe iyalinsa ya koma Bangi wurin dangin matarsa, inda noman tudu kawai ake yi. Mutumin da ke gane albasa ta ƙosa da yatsa biyu bai sake dasa ko ɗaya ba. Inna ta yi kuka ranar da suka tashi, ta riƙe Rabi, wadda ba ta wuce shekara biyar ba, ta ƙi saki. Daga ranar gidanmu ya yi shiru, kuma Inna ba ta sake kirana Mushe ba. Ban taɓa tambayarta me ta sani ba.

Na koma na gama karatu. Abin kunya, a kan wannan fannin na rubuta takardar kammalawa, kuma aka yaba. A cikinta ne na zauna na sake zana layukan nan goma sha biyu, na ga abin da mahaifina ke yi yana neman takalmi. Matsakaicina daidai yake, ba kuskure ko ɗaya a cikinsa. Sai dai matsakaici yana faɗa maka nawa ne, ba ya faɗa maka a kan wa zai faɗo. Duk wanda kwanansa ke rabuwa da na wani, in suka fara rana ɗaya, to har abada ba zai zo rijiya ya same ta shi kaɗai ba. Kuma duk lambar da shida ke rabawa, ta gabanta da ta bayanta biyu da uku ba sa taɓa su, wato ni da hannuna na sa shanu suka kewaye shi gaba da baya. Da na gusar da ranarsa da kwana uku kawai, ya sha a ta uku da ta tara tare da Agali, da garka biyu ce kawai a ranakunsa, da ba a yi komai ba. Kwana uku. Daga baya na karanta cewa masana suna da babi guda a kan tarin lambobin da babu wadda ke raba ƴar'uwarta, na rufe littafin na fita waje. Shekara talatin da ɗoriya ina koyarwa a Keita da Buza da Madawa, kuma duk ajin da na koya wa matsakaici sai na sa su zana rijiyar nan a allo su nemo wanda zai kwana da ƙishirwa. Yara suna son darasin. Ban taɓa faɗa musu sunan mai kwana shidan ba.

Na yi niyyar faɗa wa mahaifina. Na ce sai na karɓi sakamako. Na karɓa, na ce sai an ɗauke ni aiki. Aka ɗauke ni, na ce sai bayan aure, kar a ɓata biki. Kullum in na je Tama sai in same shi a gindin mangwaro yana jin daɗin ganina, yana nuna ni ga baƙi, sai maganar ta koma ciki. Shekara shida bayan abin ya rasu, zazzaɓin kwana huɗu, ina gefensa. Baba Ila ya zo jana'iza ya zauna cikin baƙi masu gaisuwa, ba cikinmu masu karɓa ba, kuma kafin sadakar uku ya koma.

Sai da furfura ta fito mini na iya shiga motar Bangi don wannan magana. Ranar kasuwa ce. Na same shi a ƙofar gida yana tufka igiya, ya tsufa, dogon nan ya ranƙwafa. Ya gane ni tun daga nesa, ya sa Rabi ta kawo fura. Na bari muka gama gaisuwa, sannan na faɗa masa duka, tun daga takarda har zuwa kwana ukun da za su iya cetonsa. Na roƙe shi gafara. Yana ta tufkarsa har na gama.

"Gahwara kam na yi ma tun tuni," in ji shi. "Abin da niy yi a zaure, ko yau aka koma in sake. Amma tunda ka zaka da gaskiya, bari ni ma in ba ka tawa. Ni ban ɗauka har abada na ba, Shu'aibu. Cewa niy yi shekara guda ta rage ma yaro, in ya ƙare shi hwaɗa ma Yaya, Yaya shi yi hwaɗa kwana biyu, shi aiko in komo. Da anka ce ka ƙare, sai da na gyara gugata. Da anka ce ka samu aiki, na ce ma uwar Rabi ta hwara ɗaure kaya. Duk motar da tat tsaya kasuwar ga daga Tama, sai na tashi na duba."

Na ɗauka shekarun nan duka cewa ya ba ni kyauta ne, ashe aro ya ba ni. Kuka ya zo mini, ni da ɗalibaina suka zama manyan mutane, ina zaune a ƙasa gaban tsoho.

"Bar kuka, ba shi cika rijiya." Ya aje igiyar a cinyarsa. "Abu guda nika son in sani, kai kana wurin. Da Yaya zai cika, ya ambace ni?"

Rabi tana tsaye a bakin ƙofa da ƙwarya a hannu, ta dube ni, na gane abin da idonta ke roƙo. Kalma ɗaya ce, ba mai ƙaryata ni, kuma da tsohon ya kwana da daɗi. Mahaifina ya ambaci Inna, ya ambaci rijiya, ya ce a gaida Agali.

"Bai ambace ka ba, Baba Ila."

Ya gyaɗa kai a hankali, sau biyu. Ya ɗauki igiyarsa ya nemi inda ya tsaya.

"To," ya ce. "Wagga dai ka hwaɗe ta da lokacinta. Sha hurarka."